Kifin Ammi Abdulƙadir

Tun da na dawo, duk yammacin Juma'a in mun taru a gaban shagon shayin Babikir a unguwar Sa'alaba, nan Jidda, tambaya ɗaya ake yi mini: "Ya Adamu, yaya ƙasar Turawa?" Ni kuma amsa ɗaya gare ni: "Sanyi." Makon jiya Babikir ya gaji, ya ajiye butarsa ya ce, "Ya zol, mutumina, ɗan masunci ya je kogi ya dawo ba labarin kifi? Ko na ƙarya ne ai ka yi mana." Aka yi dariya, na taya su. Gaskiyar magana akwai labarin kifi, bakina ne ya kasa ɗaukarsa a gaban mutum goma masu kurɓar shayi. Shi ya sa na rubuta, kowa ya karanta shi kaɗai.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Mai Wurno ne a Sudan, a bakin kogin Bahar Azrak. Ubana masunci, kakana masunci. Ni kuwa shekara ashirin da huɗu ke nan ina tuƙa motar mutum ɗaya a Jidda, Ammi Abdulƙadir, wato Baffa Abdulƙadir, mai rumbunan sanyi a unguwar Khumra. Jidda kun san ta: teku har ya ishe ka, kogi kuwa ko na magani babu. Gida kuma yaƙi ya rufe hanya. Na daɗe ban tsoma ƙafa a ruwa mai gudu ba, amma bakina bai taɓa gajiya da cika wa Ammi kunne da labarin su ba, musamman in cunkoso ya riƙe mu a hanyar Madinar Masana'antu.

Shi Ammi ya yi karatu a Sikotilan yana saurayi. Can ya koyi kamun wani kifi da ake kira salamon, wannan mai jan naman da ke zuwa rumbunansa a cikin ƙanƙara. Kusan shekara arba'in yana komawa kogi ɗaya, a mako ɗaya, makon ƙarshe kafin a rufe kamu. Sai ciwon suga ya ci idonsa, har ya zama haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Shekara uku bai je ba. Bana ya kafe sai ya je. Babban ɗansa Hisham ya yarda da sharaɗin a tafi da mai riƙe shi, ya kuma ja ni gefe ya ce likita ya ce wannan ce ta ƙarshe.

Ammi ma ya sani. A mota ya ce mini, "Kifi ɗaya kawai nake so, ya Adamu. Ya ja sandar kamu in ji ƙarfinsa a kafaɗata sau ɗaya, halas." Na ce, "Ammi, ka ɗauki ɗan masunci, ka gama." Allah ya sa mutum ya riƙa tauna magana kafin ya furta.

Takardu sun ci wata biyu: sabunta iƙama, wato takardar zama, izinin fita da dawowa, sannan biza irin ta ma'aikacin da ke rakiyar ubangidansa. A filin jirgin Landan aka raba ni da Ammi, aka kai ni wani ɗaki. Wata ma'aikaciya ta kira tafinta a waya, wani Bamisire, ya riƙa juya mini tambayoyinta. Fasfona yana hannuna ko na kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyina? Ana dukana? Ina da ɗakin kwana nawa? Na ce a gaya mata tsohon da take zargi ko takalminsa ba ya gani, in duka ne ni ke da dama. Bamisiren ya ce, "Wannan ba zan fassara ba." Suka sake ni, amma suka riƙe sharmut ɗina, busasshen naman da matar Babikir ta yi mini guzuri. Shatta, dakakken barkonon nan namu, ita kaɗai ta tsira, don ba a same ta da laifi ba.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya kai mu arewa, muka karɓi motar haya. Sitiyari a dama, hanya a hagu. Shekara ashirin da huɗu ina tuƙi ba wanda ya taɓa koya mini aikina, ran nan sai ga makaho yana ba ni umarni: "Hagu, ya Adamu, hagu! Ina jin iskar motocin a gefen da bai kamata ba." A shataletalen farko na zagaya sau uku kafin in sami ƙofar fita. Ba wanda ya danna mini hon. Wannan ya fi ba ni tsoro, don a Jidda da tuni an ambaci iyayena. Da muka bar gari hanyar ta tsuke ta zama ta mota ɗaya, tumaki kwance a tsakiya ba makiyayi. Duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Na zaci gargaɗi ne, Ammi ya ce gaisuwarsu ke nan.

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ne, Morag, mijinta ya rasu, tana saukar da masu kamun kifi. Ta rungume Ammi a bakin ƙofa tana hawaye, ni na rasa inda zan sa idona. Karenta kuma a kan kujerar falo yake kwana, yana da bargonsa. Ta ba ni ɗaki a can sama ƙarƙashin rufi, inda in na miƙe tsaye sai na sunkuya. Da safe ta kawo wani kunu mai kauri da gishiri a ciki ba sukari, da ƙwai, da wani baƙin abu kamar ƙosai da ya ƙone. Na kai hannu, Ammi ya ji ƙamshinsa ya ce, "Bari! Jini ne." Daga ranar ƙwai da dankali da shatta suka riƙe ni. Morag ta ɗanɗani shattar sau ɗaya, ta sha ruwa kofi biyu, ta riƙa kallona kamar mai tausayin maras lafiya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Ammi da kansa. Mutumin da na sani mai kaifin harshe, wanda ma'aikatan Khumra ke ɓuya in sun ji tarinsa, sai ya koma wani daban. Yana Turanci, yana ƙyaƙyata dariya, tsofaffin abokansa suna dafa kafaɗarsa suna kiransa da rabin sunansa. Bayan cin abincin yamma su zauna gaban murhu su yi ta hira. Ni in ba shi maganinsa, in hau sama. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa murmushi yake yi mini. Amma murmushi ba hira ba ne. Kwana shida ban ji kiran salla ba, ni da masallatai huɗu ke tashe ni a Sa'alaba. Waya ce ke gaya mini lokaci, in shimfiɗa darduma tsakanin gado da bango, in yi ikama a hankali don kada in dami karen. Kewa ta kama ni irin wadda ban ji ba tun shekarata ta fari a Jidda.

Ran Litinin muka sauka kogi. Da na gan shi na kusa tambaya ina kogin yake. Magudanar gonakin Jazira, can gida Sudan, ta fi shi ruwa. Duwatsu duk a waje sun bushe sun yi fari, ruwan yana bi ta tsakaninsu siriri, garau kamar na kwalba. Mai kula da wannan yanki na kogin, Dankan, dogon tsoho ne mai jar fuska, abokin Ammi tun suna da baƙin gashi. Ya kalli sama, ya kalli ruwa, ya girgiza kai. Ammi ya fassara mini: mako bakwai ba a yi ruwan kirki ba, kuma in kogi ya janye haka kifin ba ya kama ƙugiya.

Sannan aka karanta mini dokoki, Ammi yana fassarawa. Ba a kamu ran Lahadi. Ba a sa tana. Ba a jefa taru. Ƙugiya ɗaya ce, an ɗaure mata gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro. Kowane gurbi yana da suna, kuma ana juyawa, yau naka gobe na wani. Wanda ka kama kuma mayar da shi za ka yi, don ƙarshen kaka ne, sun zo zubar da ƙwai. Na ce, "Ammi, mu ƙetaro duniya mu kama kifi mu mayar?" Ya ce, "Na'am." Na ce, "To me yake ci a kogin?" Ya ce ba ya cin komai. Tun da ya baro teku ya kama baki, in ya cafki ƙugiya haushi ne ya sa shi, ba yunwa ba. Kifi mai azumi, masunta masu mayarwa. Na bi tsarinsu, don baƙo ko da idonsa makaho ne.

Aikina shi ne ɗamara. Mu sa wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, mu shiga ruwa zuwa gwiwa, Ammi a gaba ni a baya, hannuna biyu a cikin bel ɗinsa. Dankan ya gaya masa nisan ƙetare, shi kuma ya wurga. Wallahi hannunsa bai manta ba. Zaren ya miƙe a iska ya sauka a hankali kamar an ajiye shi da yatsa. Taki ɗaya, wurgi ɗaya, tun safe har la'asar.

Ni kuma ina ganin kifayen. A gurbin da ke ƙarƙashin wani itace da ya kwanta a kan ruwa, sun jeru a ƙasa kamar an ajiye taɓare, baƙi-baƙi, wutsiya kaɗai ke motsi. Ƙugiyar Ammi ta bi ta kan hancinsu, ko kallo ba ta ishe su ba. Kifi na ganinka mai jar koma.

"Suna nan, ya Adamu?"

"Suna nan, Ammi. Tara."

"Sun motsa?"

"Ɗaya ya ɗan gyara kwanciya."

"Alheri ne," in ji shi, ya sake wurgawa.

Haka Litinin ta wuce, haka Talata, haka Laraba. Ran Alhamis na ji ta cikin bel ɗin nauyinsa yana ƙara komawa kaina. Da muka fito ya zauna a kan kujerarsa a bakin ruwa. Can ya ce, "Saura kwana biyu." Da yamma na ga Morag da baƙinta sun tsura wa taswirar yanayi ido a talabijin, kamar manoman da shukarsu ke ƙonewa. Mai bayani ya nuna wani gajimare can cikin teku, Dankan ya ɗaga kafaɗa, wai sau uku ana yi musu wannan alkawarin.

Abin da ke cina a rai ban da wanda zan gaya wa. A wurinmu janyewar ruwa ita ce kakar masunci. In Bahar Azrak ya sauka ya bar gurabe, gari ne ke fitowa da koma da gora, mata suna hura wuta a kan yashi. Ubana kuwa ko koma ba ya ɗauka. Lalube yake yi. Ya kwanta a bakin gaɓa, ya zura hannu a ƙarƙashin saiwa, ya bi cikin kifi da yatsu a hankali tun daga wutsiya har kifin ya saki jiki, sannan ya cusa yatsu ta ƙarƙashin kumatunsa, inda yake numfashi, ya fizgo shi. Ya koya mini ina ɗan shekara tara. Ga shi yau kifi tara a gabana, ruwa iya gwiwa, manyan mutane suna kallon sama.

Ran Juma'a da azahar Dankan da sauran suka hau bukkar da suke cin abincin rana. Ammi ya ce ba ya jin yunwa, a bar shi a kujerarsa ya ji ƙarar ruwa. Na duba waya, na ga a Jidda tuni an fito daga masallaci, an yi musabaha, an ja juna zuwa cin abinci. Na yi azahar ni kaɗai a kan ciyawa. Da na sallame na kalli tsohon nan, sanda kwance a cinyarsa, fuskarsa wajen kogin da ba ya gani. Na ce a raina: an hana taru, an hana tana, ba wanda ya ambaci hannu. Ban ce zai maye masa jan sanda ba, amma ko ba komai ya taɓa ɗaya da rai, mu mayar, kada ya koma Jidda hannu wofi.

Na tuɓe riga na kwanta a jikin itacen nan. Ruwan ya sare mini hannu kamar wuƙa. Na bi saiwa, na bi dutse, sai na ji ta, wata kifanya. Sulɓi, sanyi, da wani ƙarfi a kwance. Na bi cikinta da yatsu yadda aka koya mini, ta ɗan gusa, ta dawo, ta saki jiki. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin na manta da Ammi, na manta da Jidda. Daɗin da na ji ban ji irinsa ba tun rasuwar ubana. Na cusa yatsu na fizgo.

Tsawonta ya kai hannuna tun daga kafaɗa. Na rungume ta a ƙirji na ruga ina kiran, "Ammi! Ammi, buɗe hannunka!" Na ɗora masa ita a cinya. Ya firgita, sannan tafukansa suka bi jikinta, tana bugunsa da wutsiya. Fuskarsa ta buɗe, na ga haƙoransa. Sai yatsunsa suka kai wajen kanta, suka tsaya.

"Mene ne wannan mai ɗumi?"

Na duba. Jini ne ke bin wandonsa. Riƙon da ubana ya koya mini riƙon kifin tukunya ne, ba a yi shi don kifin da za a mayar ba. Tarwaɗa tana jure shi har kasuwa. Wannan kuwa na yaga mata wurin numfashi.

"Da me ka kama ta, ya Adamu?"

"Da hannu, Ammi."

"La haula," in ji shi a hankali. "Mayar da ita ruwa. Yalla, maza!"

Ina durƙushe a cikin ruwa ina riƙe da ita Dankan ya iso, da wani baƙo a bayansa wanda ya ga komai daga bukka. Dankan bai yi mini tsawa ba. Ya karɓe ta, ya juya kanta wajen da ruwa ke zuwa, ya tallafe ta da hannu biyu. Ya daɗe a haka, gwiwoyinsa a kan dutse. Jinin bai tsaya ba. Daga baya ta kife, farin cikinta ya koma sama. Da ya ɗago ta, ƙwai suka zubo masa a hannu, jajaye kamar tsakiya, suna bin ruwa. Ya kalle ni sau ɗaya. Na gode Allah da ban iya Turanci ba, amma ai bai ce komai ba ma.

Da la'asar wakilin mai kogin ya kira gidan Morag. Ammi ya ɗauka, ya saurara, ya ce kalma biyu ko uku, ya ajiye. Ni ne na tambaya. Ya ce kamu da hannu laifi ne a dokar ƙasar, irin na ɓarayin kifi. Saboda shekara arba'in ba za a kira 'yan sanda ba, amma an karɓe sandarmu, gobe ba mu da gurbi. Na durƙusa na ce, "Ammi, ka ce musu ni ne, jahili ne, su kore ni ni kaɗai." Ya ce, "Wanda ya kawo ka shi ke da kai. Tashi ka ba ni maganina." Kafin magariba aka fara yayyafi. Kafin in gama haɗa jakunkuna, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Ran Asabar muka kama hanya da hantsi, don Ammi ya ce ba zai zauna a falo yana jin mutane suna sa takalman roba ba. Morag ta cusa mini ƙunshin burodi a hannu, ta dafa kafaɗata, abin da ya fi zagi ciwo. Ruwan sama ya tsagaita. Da muka hau gadar da ke ƙasa da bukka, Ammi ya sauke gilashi ya ce in tsaya.

Ko ni ban gane kogin ba. Duwatsun nan duk sun nutse, ruwan ya cika gaɓa da gaɓa, launin shayi, yana ruri. Ina kallo wani kifi ya yi tsalle a ƙarƙashin gadar, wani ya bi shi.

"Ruwa ya zo," in ji Ammi. "Me kake gani?"

Na so in yi masa ƙarya, amma kunnensa ya fi idona. Na ce akwai mutum a cikin ruwa, sandarsa ta lanƙwashe, Dankan yana gefensa da ragar ɗauka.

"A wane gurbi?"

"Na ƙarƙashin itacen."

"Namu ne yau da safe," ya ce. "Ci gaba, gaya mini."

Na tsaya a kan gada ina ba makaho labarin kifin wani. Ya ja zare ya yi ƙasa. Ya yi tsalle. Ya dawo. Ya sake ja. Hannun Ammi na dama yana kan gwiwarsa, yana ɗagawa yana saukewa tare da maganata. Da kifin ya shiga raga na gaya masa. Ya ce, "An mayar?" Na ce an mayar, ya tafi da ƙarfinsa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga gilashi.

Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya. Ina jira ya zage ni, wallahi ina roƙon Allah ya zage ni. Sai da muka fita daga cikin tumakin nan muka hau babbar hanya ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ya Adamu."

"Na'am, Ammi."

"Da tana cikin ruwa, kafin ka fizgo ta. Yaya ƙarfinta a hannu?"

Na sauka gefen hanya na kashe mota, don na daina ganin gabana. Shi kuwa yana zaune ya karkato kunne, yana jira in gaya masa.